Yarinyar da ta fitar da Babe Ruth

Mai karatu, a ce kai ne zakaran wasa a ƙasarku, yara na kwana da hotonka a ƙarƙashin filo, sai aka tsayar maka da 'yar shekara 17 aka ce ku gwabza. Dariya za ka yi, ko ɗamara za ka ɗaura? Abin da ya sami Babe Ruth ke nan ranar 2 ga Afrilu, 1931, a garin Chattanooga na jihar Tennessee a Amurka.

A wasan besbol, mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya na riƙe da kulki yana jiran ya make ta. In ya kuskure sau uku, ya fita. Shi kuwa Ruth, gwarzon ƙungiyar New York Yankees, a kakar 1927 kaɗai sau 60 ya maka ƙwallo ta tsallake shingen fili. To wace ce za ta tsaya gabansa?

Sunanta Jackie Mitchell, bahaguwa ce. Tun tana ƙarama a Memphis, maƙwabcinsu Dazzy Vance, wanda daga baya ya yi suna a jifa, ya koya mata wata dabara: ƙwallo ta taho sak, sai ta zo dab da mai kulki ta nutse ƙasa. Joe Engel, shugaban ƙungiyar Chattanooga Lookouts, shi ya ɗauke ta. Shi kuma Engel ɗan talla ne na ƙarshe, mutumin da ya taɓa musanya ɗan wasansa da talotalo. Ka riƙe wannan a ranka.

Mutum kusan 4,000 suka hallara don kallon wasan Yankees da Lookouts. Mai jifan farko ya sha bugu sau biyu, aka cire shi, aka turo yarinya. Ga Ruth a gabanta, wanda ya riga ya gaya wa 'yan jarida cewa mata ba su da ƙwarin wannan wasa. Jifa na farko ya kauce. Na biyu ya kai kulki, sai iska. Na uku ma haka, har ya sa alƙali ya duba ƙwallon. Na huɗu ya tsaya yana kallo ƙwallo ta wuce daidai, alƙali ya ƙirga masa kuskure na uku, ya ce ya fita. Ruth ya yi wurgi da kulki yana huci. Lou Gehrig, wani gwarzon Yankees, ya shigo, ya kai duka sau uku, bai taɓa ko ɗaya ba. Jifa bakwai, giwaye biyu a ƙasa! Da na ukunsu, Tony Lazzeri, ya zo hannunta ya kauce, aka cire ta, Yankees suka ci 14 da 4. Amma wa ya damu da wannan?

Nan fa gardama ta tashi. Asali ranar 1 ga Afrilu aka sa wasan, ranar da Turawa ke yi wa juna ƙaryar raha, ruwan sama ne ya ɗage shi. Ga kuma Engel mai talotalo. Wasu suka ce shiri ne kawai. Amma kai, da kai ne Gehrig, mutumin da ba a san shi da wasan banza ba, za ka yarda ka zubar da girmanka don wani ya sayar da tikiti? Ni dai da wuya in gaskata. Labari ya bazu cewa shugaban wasan na ƙasa, Kenesaw Mountain Landis, ya soke kwantiraginta wai wasan ya fi ƙarfin mace. Macen da ta fitar da Ruth!

Ta koma yawon wasa da ƙungiyar House of David, masu dogayen gemu. Masu shirya wasanni suka mai da ita abin kallo, har aka nemi ta yi jifa a kan jaki. Da kai ne, za ka hau? A 1937 ta ce ya isa, ta koma aiki a shagon tabarau na mahaifinta. Da aka kafa gasar mata a 1943, ta ƙi dawowa.

A 1982 Lookouts suka gayyace ta ta yi jifan buɗe kaka. Ta rasu a 1987, kuma har ƙarshen ranta tana cewa Ruth da Gehrig da gaske suka kai duka.