Ɗakin amarya a gidan gado

Duk wanda ya taɓa gyara wa amarya ɗaki a gidan gado ya san rigimar da ke ciki. Ango na son tayil da famfo da banɗaki a ɗaki, dattijon gida kuma ya kafe ba mai taɓa azarar da kakansa ya ɗora. Kowa da gaskiyarsa. Irin wannan ja-in-jar ce ke tashi idan aka ce za a mayar da ginin tarihi asibiti.

Alƙahira ta daɗe da saninta. A 1284 Sarki Ƙalawun ya kafa asibitinsa a cikin tsohuwar fadar Faɗimiyawa. Da aka shiga ƙarni na 20 sai aka dasa asibitin ido a tsakiyar harabar, har yau ana duba mutane a wurin, amma tsohon ginin kaɗan ne ya rage. Ƙasrul Aini ma fada ce ta ƙarni na 15 kafin a mayar da makarantar likitanci can daga Abu Za'abal a 1837.

Asibitin yau ya fi amarya buƙata. Yana son ƙofa mai faɗin da gadon majinyaci zai shige, da bututun iskar oksijin, da lifta, da bango mai santsi da za a riƙa wankewa kullum. A nan ake ɓarna. Mun sha ganin an lafta wa katangar ƙasa siminti don amarya ta ga kyau. Damina biyu ko uku sai shafen ya kumbura, ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, ka ɓanɓare ka tarar laima ta cinye cikin. Tsohon dutse da farar ƙasa ma haka suke, sai an bar su sun sha iska. Laima kuwa a ɗakin mai jinya cuta ce ta biyu.

Masu dabara sukan bar zaure da soron kaka yadda suke, su ɗora wa amarya sabon ɗaki daga baya. Ni ma abin da nake so a yi wa irin waɗannan gine-gine ke nan. Tsofaffin ɗakunan nan masu kauri da sanyi a ba su wurin jira, da ɗakin ganin likita, da ofisoshi, don gidan da babu mai shiga shi ke fara zubewa. Ɗakin tiyata da na kulawa ta musamman kuwa a gina musu sabo a gefe. In kuma babu filin yin haka, a nemar wa asibitin wani wuri.