GARGAƊI: Kada a raina tsagewar gefen baki

Jama'a, musamman iyaye mata, malaman tsangaya da masu kula da tsofaffi, a saurara da kyau.

Da shigowar hunturu ana yawan ganin gefen baki ya yi ja, ya tsage, ya yi ɓawo. Da an buɗe baki za a kai loma sai wurin ya sake darewa, har jini ya fito. Akasari ana ɗora laifin a kan sanyi. Iska tana busar da leɓe, amma miyau ne ke hana ciwon warkewa. Ana lasar wurin, miyau ya kwanta a lungun baki, fata ta jiƙe ta yi laushi ta tsage, sai ƙwayoyin cuta irin su Candida da Staphylococcus su samu mazauni.

Haɗarin bai tsaya a baki ba. Sau da yawa wannan tsagewa alama ce ta ƙarancin jini, ko ƙarancin bitamin B2 da B12, musamman ga yara masu tamowa da mata masu juna biyu. Idan tana warkewa tana dawowa, tana iya nuna ciwon sukari ko cutar HIV. Tsofaffin da haƙoransu suka zube, ko masu haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, su ma tana yawan kama su.

A kiyaye:

A daina lasar wurin, a daina ɓantare ɓawon.

Kada a shafa toka, gishiri, man goge haƙora ko man bilicin. Ƙara ƙona fatar suke yi.

A tsane wurin da ƙyalle mai tsabta, sannan a shafa man kaɗe ko basilin.

A ƙara nono, ƙwai, hanta, wake, gyaɗa da zogale a abincin gida.

A garzaya asibiti idan ciwon ya kai mako 2 bai warke ba, ko yana fitar da mugunya, ko an ga farin abu ya lulluɓe harshe, ko yaro ya ƙi cin abinci yana ramewa. A nemi a auna jini da sukari. Maganin ya danganta da irin ƙwayar da ta shiga, saboda haka kada a sayi maganin shafawa a kemis da ka.

Wanda ya ji, ya sanar da maƙwabcinsa. Allah Ya ba mu lafiya.