Tulun CNG Ba Tukunyar Gas ɗin Girki Ba Ce

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ɗalibin da ke zaune a Malali ya san yadda kuɗin Keke Napep zuwa Unguwar Rimi ko Tudun Wada ke cin aljihu. Shi ya sa direbobi suka fara komawa CNG, mai sauƙin kuɗi.

CNG iskar gas ce da ake matsewa cikin tulu har ma'aunin matsi ya kai bar 200. Ba a canza inji. Ƙara masa ake yi da tulu, da na'urar rage matsi, da bututu, da makunnin komawa fetur in gas ya ƙare.

To, a tulun nan maganar take. Matsin tukunyar girki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, don haka ake iya yi mata walda. Tulun CNG kuwa ba shi da ɗinki ko ɗaya, kuma jikinsa na da kauri sosai. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin, tulunta haɗin mai walda ne.

In ka hau abin hawa mai CNG, leƙa tulun: na gaskiya yana da tambarin masana'anta da ranar gwaji a jikinsa.