Kiwon Kunkuru A Gida: Wanka, Abinci Da Ruwan Sha

A gidaje da yawa na Dutsin-Ma da Kurfi, in ka shiga za ka tarar da kunkuru yana rarrafe a gindin rumbu ko bayan turke. Wadansu don sha'awa suke ajiye shi, wadansu don yara. Amma in ka tambayi maigidan abin da yake ba shi, sai ya ce, "Ai kunkuru ba ya bukatar kome." To, jama'a, wannan zance shi ke kashe su sannu a hankali, ba wanda ya lura.

Babban kunkurun nan na ƙasarmu mai launin rairayi, asalinsa dajin Sahel ne, tun daga Senegal har Habasha. In an ɗebe waɗanda ke tsibiran teku, duk duniya ba wanda ya kai shi girma. Namiji yakan wuce kilo 50, yakan kuma rayu fiye da shekara 50. A daji rami yake haƙawa, tsawonsa ya kai ƙafa 10 ko ya fi, ya shige can inda ƙasa ke da sanyi da laima, ya fito da sassafe ko da la'asar ya yi kiwo. Watau ramin nan shi ne randarsa, shi ne inuwarsa. Wanda ya kawo shi tsakar gida mai daɓe ya raba shi da su, saboda haka lalle ne ya biya masa abin da ya raba shi da shi.

Ruwa da wanka

Abu na fari, a sani kunkuru dabam, kififfiya dabam. Kififfiya ita ce ta ruwa, irin mai zama a gulbin Karaduwa ko madatsar Zobe. Kunkurun tudu bai iya iyo ba, in aka jefa shi a kududdufi ko randa sai ya nutse.

A sami faranti mai faɗi marar zurfi, a binne shi daidai da ƙasa a inuwa, a riƙa sake ruwan kowace safiya. Ban da wannan, a riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda ake wa jariri wanka. Kada ruwan ya wuce inda ƙoƙon ciki ya haɗu da na baya, watau ya tsaya ƙasa da haɓarsa. A bar shi minti 15 zuwa 20, mutum yana tsaye a kansa. Ƙanana kusan kullum, manya sau ɗaya ko biyu a mako, a ƙara da bazara. Da hunturu kuwa sai rana ta ɗaga, sa'an nan a tsane shi, a ba shi wurin kwana inda iska ba ta bugawa. Ban da sabulu, ban da shafa mai a ƙoƙon.

Ga yadda za ka gane ƙishi ya kama shi. Idanu za su faɗa ciki. Farin abin nan da ke fita tare da fitsarinsa, in lafiya yake, laushi gare shi kamar kindirmo. In ya zama gari-gari kamar tsakuwa, ruwa ya yi masa ƙaranci, daga nan dutse kan taru a mafitsara, sai a nemi likitan dabbobi. A hana yara ɗaukarsa suna juyawa, domin a mafitsara yake tanadin ruwa, in ya tsorata sai ya zubar. In kuwa ya kife a rana ba a tashe shi ba, zafin Afrilu zai iya kashe shi kafin azahar.

Abinci

Cikin kunkuru na mai kiwo ne. Mafi yawan abincinsa ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, kamar ƙyasuwa da burburwa. A ƙara masa ganyen yakuwa, da na rama, da na kabewa. Kankana sai jefi-jefi, don zaƙi yana sa shi gudawa. Ragowar tuwo, da nama, da wake, da ƙuli-ƙuli, ba nasa ba ne. Suna sa ya yi girman gaggawa, ƙoƙon ya yi tudu-tudu, ƙoda ta wahala. A kiyaye tumfafiya, da ciyawar bakin gona wadda aka yi wa feshi.

Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya a cikinsa. Don ya yi ƙarfi, a dafa ɓawon ƙwai, a daka, a barbaɗa kaɗan a ganye, a kuma bar shi ya sha hantsi. Masu huda gefen ƙoƙo su ɗaura igiya su bari, ciwo yake ji. Gara a yi masa ɗan shinge mai ƙwari, a bar masa kusurwa mai ƙasa inda zai yi haƙa.

Lafiyar iyali

Kunkuru da ƙadangare da danginsu suna ɗauke da ƙwayar cuta mai suna salmonela a kashinsu, ko da su lafiyarsu lau. Ita kan sa zawo da zazzaɓi, ta fi tsanani ga ƙananan yara. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba tun 1975. Masu kiwon ƙadangaren nan mai gemu na Ostareliya a ƙasashen Turai, su ma gargaɗin da ake yi musu ke nan. A ware masa kwanonsa, kada a wanke shi a kwanon abinci, a zubar da ruwan nesa da rijiya, kowa ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Saura magana ga 'yan kasuwa. Kunkurun nan yana ƙarewa a daji saboda kamu da ƙarancin makiyaya. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashe ta CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don ciniki. Wanda ya gamu da shi a jeji ya bar shi a raminsa. Wanda kuwa ke da shi a gida, amana ce ya ɗauka, mai yiwuwa ma har jikokinsa su gada.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa albarka a kiwo da noma, amin.