Komawa Rubutun Ƙashin Kai Bayan Aikin Kwantiragi: Kasuwar Ta Sauya

Tun daga Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ƙungiyoyin agaji a Maiduguri, Kano da Abuja suka fara rage ma'aikata. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu rubuta rahotanni, masu fassara da masu kula da shafukan sada zumunta, waɗanda suka saba ganin alat a ƙarshen kowane wata. Wasunsu sun koma inda suka fito, wato rubutu na ƙashin kai, inda ake biyan mutum gwargwadon abin da ya rubuta.

Abin da ke fara ba mai dawowa mamaki shi ne tsohon sunansa bai jira shi ba. A Upwork, makin da ke nuna nasarar aikin mutum ana lissafa shi ne da ayyukan watanni 6, 12 ko 24 da suka wuce. Wanda ya shekara uku yana ofis zai buɗe manhajar a wayarsa ya tarar kusan sabon shiga ne. Neman aikin ma ba kyauta ba ne, sai an kashe Connects, kowane ɗaya senti 15, kuma aiki guda yana cin da yawa ko an ɗauki mutum ko ba a ɗauke shi ba.

Ga kuma ChatGPT, wanda ya fito a Nuwamban 2022. Gajerun rubuce-rubucen talla da bayanin kayan sayarwa, waɗanda a da ake cin abinci da su kullum, yanzu mai kanti yana iya haɗa su da kansa cikin minti guda. Abin da ya rage da daraja shi ne aikin da sai an je an gani: hira da mutane, tantance labari, da Hausar da ba ta warin fassara. A nan ne wanda ya yi kwantiragi ya fi sabon shiga, domin ya san fanni guda ciki da waje, ko lafiya ne ko noma, kuma lambobin editoci da manajojin da ya yi aiki da su suna nan a WhatsApp ɗinsa. Sau da yawa aikin farko daga can yake fitowa.

Babbar matsalar dai ita ce lokaci. Albashi yana da rana, kuɗin aikin ƙashin kai kuwa sai ya ga dama. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100, don haka aikin dala 100 ya zama dala 80, sannan a riƙe kuɗin kwana 14 kafin a iya taɓa su. Daga nan sai a bi ta Payoneer zuwa asusun banki, kowane mataki da nasa caji. Mai haya kuwa ba ruwansa da wannan lissafi. Shi ya sa wanda kwantiraginsa ke dab da ƙarewa ya fi dacewa ya fara neman abokan hulɗa tun albashi na shigowa, ya kuma ajiye abin da zai riƙe gida na 'yan watanni.

Akwai kuma ɗawainiyar da ofis ke ɗauka ba tare da an lura ba. Intanet, wuta, gyaran kwamfuta, duk sun dawo wuyan marubuci, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Haraji ma haka, a da ofis ne ke cirewa daga albashi, yanzu mutum ne zai bayyana abin da ya samu. A sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a biya musu komai, abin da ya haura kuwa sai an yi lissafinsa, ko da dala aka biya.