Kujerar Na Ƙi da 'Yan Uwanta

Yau kan "ƙi" muka sauka, kalma mai harafi biyu da zuriya fal gida. Ita ta haifi ƙiyayya da maƙiyi, har da ɗan ƙi-faɗi, wanda ko an kama shi dumu-dumu sai ya musa. Uwa 'yar mitsitsiya, 'ya'ya duk masu taurin kai.

Ba mutum kaɗai ke ƙi ba. Mota ta ƙi tashi, wuta ta ƙi kamawa, rigima kuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Hatta ƙulli yana da ranar da yake ƙin tashi.

A kasuwa ba a ce maka a'a. Ka taya rago da rabin kuɗinsa, mai shi ya kau da kai ya ce "albarka". Kalmar daga Larabci ta zo, alheri take nufi, amma a bakin ɗan kasuwa ma'anarta "ƙara kuɗi, Alhaji". An hana ka, an kuma haɗa maka da addu'a.

Almajiri ma haka: a ce masa "Allah ya ba da haƙuri", ya ja robarsa ya yi gaba. Baƙo kuma in ya ce ya ƙoshi, uwargida ta san kunya ce, sai ta ƙara tura masa kwano. Wanda ya ce "sai na yi shawara" fa, kada ka zauna jiransa.

Ita kanta "a'a" baki biyu gare ta. Da wata murya ƙi ce, da wata kuma murna: "A'a! Yau su wa nake gani?" Sai a shimfiɗa tabarma.

Yaro ba ya ɓata yawunsa, maƙe kafaɗa yake yi. Amarya kuwa takan ƙi magana sai abokan ango sun sayi baki. Shirun nan da farashinsa.

Turawa suna cewa veto, daga Latin, wato "na hana", abin da wakilan talakawa a tsohuwar Rum ke tare hukuncin manya da shi. Mu muka yi masa mazauni, muka ce hawa kujerar na ƙi. Yanzu Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa ne ke riƙe da ita. Talaka ya sassaƙa, manya sun haye.

Girkawa kuma hutu guda suka ware wa kalmar: Ranar A'a, 28 ga Oktoba, tunawa da 1940 da suka ƙi buɗe wa sojojin Italiya hanya. In ka je can ka ji an ce "ne", kada ka juya, e ake nufi.