Falwaya a ƙofar gida: ƙuri'ar da ke ba kamfanin wuta aron titi

A ranar 16 ga Mayu, 2023, mutanen birnin Tucson da ke jihar Arizona a Amurka suka fita zaɓe, alhali babu ɗan takara ko ɗaya a takardar. Tambaya guda aka yi musu: a bai wa kamfanin Tucson Electric Power damar ci gaba da kafa falwayoyi da jan wayoyi a titunan birnin har shekara 25 nan gaba, ko kuwa a'a? Kimanin kashi 55 cikin ɗari suka ce a'a. Washegari fitilu suka ci gaba da ci, takardar kuɗin wuta kuma ta zo a ƙarshen wata kamar yadda ta saba.

Titi dai na jama'a ne, haka gefensa, haka lungun bayan gidaje da ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta. Kamfanin wuta kuwa na masu hannun jari ne, kuma ba shi da hanyar kai wuta gida-gida sai ta kan wannan fili. Saboda haka birni ke ƙulla yarjejeniya da shi: ya haƙa rami, ya kafa falwaya, ya rataya taransifoma, ya sare reshen da ya taɓa waya, shi kuma ya biya haya, ya gyara inda ya farfasa. A wurare da dama majalisar birni ce ke sa hannu, shi ke nan. Amma tsarin mulkin Arizona ya ce ba za a ba da irin wannan dama ba sai da yardar masu zaɓe, kuma kada ta wuce shekara 25. Wasu biranen jihar Kolorado ma sai an kai maganar gaban jama'a.

Abu na farko da mai zaɓe ya kamata ya gane shi ne, ƙuri'arsa ba ta taɓa farashin wuta. Farashi yana hannun hukumar jiha da ke sa ido kan kamfanonin, wadda a Arizona kwamishinoninta biyar zaɓaɓɓu ne. Mutum yana iya shiga rumfar zaɓe da haushin tsadar wuta ya dangwala a'a, ya fito zuciyarsa ta yi sanyi, amma ko sisi ba zai ragu ba.

Na biyu ya fi ciwo. Hayar da ake cewa kamfani na biyan birni, daga aljihun mai mita take fitowa. Kamfanin yana tattara ta ne a cikin takardar kuɗin wuta, ya miƙa wa baitulmalin birni. A Tucson a 2023 hayar kashi 2.25 cikin ɗari ce, sabuwar yarjejeniyar kuma ta zo da ƙarin kashi 0.75, wanda aka ce mafi yawansa zai tafi wajen binne manyan wayoyi a ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birni. Nan gardama ta tashi. Mazauna wasu unguwanni suka ce don me za su biya kuɗin ƙawata unguwar wasu, masu fafutukar kare muhalli kuma suka ce kamfanin bai ɗaure kansa da wani alkawari mai ƙwari ba kan barin gawayin kwal da gas. Mutanen da ba sa ga maciji da juna a siyasa suka haɗu a kalma ɗaya.

To idan aka ce a'a, sai me? Birnin Boulder a Kolorado ya gwada. Yarjejeniyarsa da kamfanin Xcel Energy ta ƙare a 2010, birnin bai sabunta ba. Don kada baitulmali ya yi asarar hayar kashi 3 cikin ɗari, masu zaɓe suka amince da wani haraji a madadinta, wanda shi ma a takardar kuɗin wuta ya sauka. A 2011, da ƙyar da jiɓin goshi, suka ba birnin izinin neman kafa kamfanin wuta nasa. Daga nan aka shiga kotu, aka shiga hukumar jiha, ana ja kan wace tashar rarraba wuta ce ta wa, nawa ne kuɗin falwayoyi da wayoyi, yaya za a raba layin birni da na ƙauyukan kewaye. Shekara 10 ana wannan, kusan dala miliyan 29 suka tafi ga lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikata. Duk tsawon lokacin Xcel ne ke ba da wuta, domin dokar jiha ce ta ba shi yankin. Birnin kuma ya rasa kason kashi 1 cikin ɗari da kamfanin kan ware don binne wayoyi a garuruwan da ke da yarjejeniya da shi.

A Nuwamba 2020 mutanen Boulder suka koma ga Xcel da yarjejeniyar shekara 20. Wasu sun kira wannan miƙa wuya, amma wanda ya karanta sharuɗɗan zai ga ba hannu rabbana suka dawo ba. Kamfanin ya yarda da dala miliyan 33 na binne wayoyi. An kuma bar ƙofofin fita: bayan kowace shekara 5 birnin na iya janyewa ba tare da ya faɗi dalili ba, yana kuma iya janyewa idan kamfanin ya gaza cika matakan rage hayaƙi da aka gindaya, a kan hanyar rage kashi 80 cikin ɗari nan da 2030 bisa ma'aunin 2005.

Waɗannan ƙofofi su ne zuciyar takardar, kuma su ne aka fi tsallakewa wajen karatu. Garin Winter Park a jihar Filorida ya ci moriyar wani sakin layi a tsohuwar yarjejeniyarsa, wanda ya ba shi ikon sayen layukan idan wa'adi ya cika. Masu zaɓe suka amince a 2003, masu sasanci suka yanke kuɗin kusan dala miliyan 42, garin ya karɓi layukan daga Progress Energy a 2005, ya kama binne wayoyi da ribar da yake samu. Garin da ya sabunta tasa ba tare da irin wannan sharaɗi ba, ya rufe wa 'ya'yansa hanya na shekaru masu yawa.

Akwai kuma ƙananan sharuɗɗa da ba sa shiga tallan rediyo: wa zai biya kuɗin matsar da falwaya idan za a faɗaɗa titi, kwana nawa aka ba kamfani ya cike ramin da ya haƙa, ko dole ne ya sanar da mai gida kafin ya sa zarto a bishiyar ƙofar gidansa. A Najeriya babu ƙuri'a kan irin wannan, amma tun da dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, tambayoyin sun matso kusa da majalisun jihohi.

Sai batun wanda ke ɗaukar nauyin yaƙin neman ƙuri'ar. Irin wannan zaɓe kan faɗo a tsakiyar shekara, lokacin da mutane kaɗan ke fita, kuma kamfani yana da kuɗin talla da ƙungiyar unguwa ba ta da shi. A Pueblo, ita ma a Kolorado, jama'a sun daɗe suna kuka da tsadar wutar Black Hills Energy. Yarjejeniyar 2010 ta ba su damar fita bayan shekara 10, aka sa ƙuri'a a Mayun 2020. Kamfanin ya zuba fiye da dala miliyan ɗaya a ƙungiyar da ke yaƙi da ficewar, ana tsorata mutane da bashin da birni zai ci kafin ya sayi layukan. Kusan uku bisa huɗu na waɗanda suka fita suka zaɓi a zauna da kamfanin, kuma wa'adin yarjejeniyar sai 2030.